Na'urar wakili: kwamfutar ɗaki ko sabar haya, wacce ta fi wa mutumin Jos?

Ranar wata Asabar bayan la'asar ɗan yayata ya shigo shagona da ke kusa da Terminus rungume da kwamfutar tebur a cikin kwali. Ya dire ta a kan benci, ya goge gumi, ya ce, "Kawu, wannan nake so in mayar na'urar wakili. Windows ce a kanta, ram ɗinta gigabait 16, ga SSD sabo fil. Me zai sa in riƙa tura wa Turawa dala duk wata alhali ga tawa a ɗaki?"

Ban yi masa dariya ba, domin tambayar tana da nauyi, kuma ni ma da ita na fara: na'urar wakili a harkar kuɗin kirifto, a ɗaki za a ajiye ta ko a sabar haya, wato kwamfutar wani kamfani da ake biyan hayarta duk wata? Na ce ya jawo kujera. Abin da muka tattauna har aka kira magariba shi ne nake son in shimfiɗa a nan, saboda na lura samari da yawa daga Unguwar Rogo zuwa Bukuru suna tsaye a wannan mararraba.

Sai an san aikin wakili kafin a san inda ya kamata a ajiye na'urarsa. A tsarin da Daniel Larimer ya fito da shi a 2014 tare da BitShares, ba kowa ke buga bulo a sarƙar bulokcen ba, wato ƙara sabon shafi a kundin da ke riƙe lissafin kuɗin kirifto. Masu riƙe da kuɗin sarƙar ne ke kaɗa ƙuri'a, nauyin ƙuri'ar kowa daidai da yawan abin da ke hannunsa, su zaɓi mutane ƙalilan su ɗora musu aikin. Sarƙar TRON na da kujeru 27. EOS na da 21. Hive ma 21 ke zagayawa a kowane zango. ARK, a tsarin da aka san ta da shi tun 2017, na da 51. Lisk ta yi shekaru da 101 kafin ta koma ƙarƙashin inuwar Ethereum a 2024. Waɗannan wakilai layi suke bi, kamar motocin lodi a tasha: in an kira lambarka ba ka nan, ba mai jiranka, na baya zai shiga gaba.

Ɗauki ARK a lissafa. Kowane bulo daƙiƙa 8 ne, wakilai 51, wato layi na dawowa kanka duk bayan daƙiƙa 408, ƙasa da minti 7 ke nan. A kwana ɗaya za a kira ka sau 211 ko 212, kowane kira da ladan ARK 2. A Hive bulo daƙiƙa 3 ne, zango ya ƙare cikin daƙiƙa 63. Duk kiran da ka tsallake kuwa a rubuce yake a fili, mai ƙuri'a a Indonesiya ko Jamus zai buɗe shafi ya ga sau nawa ka yi fashi. Saboda haka hajar da wakili ke sayar wa masu zaɓensa ba ƙarfin kwamfuta ba ce. Kasancewa a bakin aiki ce, dare da rana, ranar Sallah da ranar da aka yi maka rasuwa. Da wannan ma'auni kaɗai nake auna komai, kuma da shi na auna kwamfutar ɗan yayata.

Ta fuskar ƙarfi, na ce masa, na'urarsa ba ta da aibu. Ga ƙananan sarƙoƙi irin ARK ta isa har da saura. Manyan irin Solana, masu neman ram na ɗaruruwan gigabait da layin intanet irin na kamfani, waɗannan ma ba a kawo maganarsu a ɗakin kwana. Matsalar tana wani wuri.

Windows an gina ta ne don mutumin da ke zaune a gabanta. In ya tashi, tana ganin aiki ya ƙare: ta rage haske, ta kashe allo, ta yi barci. Wannan ana iya hanawa a saiti. Abin da ya fi wuyar hanawa shi ne sabuntawa. Microsoft na sakin gyare-gyaren tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma da yawansu ba sa kammala sai kwamfuta ta kashe kanta ta sake tashi. Kana iya ɗage su har kwana 35, kana iya gaya mata sa'o'in da ba ka son a taɓa ka, amma iyakar waɗannan sa'o'i 18 ne a rana. Ga ma'aikacin ofis wannan adalci ne, domin ba ya aiki ƙarfe uku na dare. Wakili kuwa ba shi da sa'a shida da zai bayar. Sannan in ta sake tashi, manhajar da ka kunna da hannunka ba za ta dawo da kanta ba sai in tun farko ka yi mata rajista cikin ayyukan da ke tashi tare da na'ura. Wanda bai yi haka ba zai farka da safe ya tarar da allon shiga yana jiran kalmar sirri, nod, wato manhajar da ke haɗa na'urar da sarƙa, a mace tun tsakar dare.

Na biyu, yawancin waɗannan manhajoji ba a rubuta su da Windows a zuciya ba. Buɗe takardun shigar da ARK Core ko na Hive, za ka ga umarnin Ubuntu ne, wani nau'in Linux da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, daga farko har ƙarshe. In wani abu ya lalace ƙarfe ɗaya na dare ka shiga zauren masu sarƙar kana neman agaji, tambayar farko da za a yi maka ita ce wace Ubuntu kake kai. In ka ce Windows, yawanci shiru za ka ji, ba don wulaƙanci ba, don babu wanda ya taɓa bin hanyar.

A nan ne yaron ya katse ni. "To Kawu, ai akwai WSL. Linux ce fa a cikin Windows." Gaskiya ne, kuma abu ne mai kyau. Tun 2020 WSL2 ke ɗauke da ainihin zuciyar Linux a cikin wata 'yar na'urar gizo, kuma don koyo ban san abin da ya fi ta sauƙi ba. Amma ɗaki ne a cikin gidan wani. In mai gida ya yi barci, ɗan haya ma ya yi. In mai gida ya sake tashi, ɗan haya ba ya farkawa sai an shirya masa mai tashinsa. A saitinta na asali tana ɓoye a bayan wata hanyar sadarwa ta cikin gida, sai ka yi ta haɗa ƙofa da ƙofa kafin na waje su iso ta. An kuma san ta da matsalar agogo bayan kwamfuta ta farka daga barci. Agogo kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wannan sana'a. Wanda aka ba tagar daƙiƙa 3 ko 8, in agogonsa ya zame da daƙiƙa biyu, zai buga bulo daidai amma a lokacin da ba nasa ba, sauran su yi watsi da shi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu masu sayen kwamfutocin gwanjo. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 na neman ɗan guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesa na zamani, a ɓangaren Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama. Da yawa daga cikin na'urorin da ke shagunanmu ba su cika wannan sharaɗi ba.

Duk waɗannan ana iya yi musu dabara. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne makulli. Na'urar wakili dole makullin sa hannu ya zauna a cikinta a kunne, domin ba za ta riƙa tashinka duk minti 7 ka sa mata kalmomin sirri ba. To dubi rayuwar kwamfutar ɗaki a gidajenmu. A kanta ake sauke fim. A kanta ƙani ke sa wasan ƙwallo da ya samo a filashin abokinsa. Manhajar ofis da ke kanta ma sau da yawa ba ta halal ba ce, an fasa ta da wani ɗan fayil da ba wanda ya san abin da ke cikinsa. A irin wannan wuri za ka ajiye makulli? A Hive da sauƙi, domin makullin buga bulo daban yake da na taɓa kuɗi, ɓarawo zai ɓata maka suna amma ba zai kwashe lalita ba. A ARK kalmomin da wakili ke buga bulo da su su ne na lalitarsa, shi ya sa masu hankali ke yin rajistar kalmomin sirri na biyu waɗanda ba sa taɓa shiga na'urar, su kuma riƙa kwashe lada zuwa wata lalita. Wanda ya tsallake wannan mataki ya ɗora na'ura a kan kwamfutar da kowa ke taɓawa, ya ba kura ajiyar nama.

Na Apple ba zan daɗe a kai ba. Mac mini ba ta shan wuta, ba ta ƙara, tushenta dangin Unix ne, tana kuma da saitin tashi da kanta bayan an dawo da wuta. Sai dai in ka kunna FileVault, mai kulle bayanan faifai, za ta tsaya tana jiran kalmar sirri kafin komai ya tashi, kuma kuɗin da za ka saye ta da shi zai biya maka hayar saba na tsawon lokaci. In kana da ita a ajiye, yi gwaji a kanta. Kar ka saya don wannan aiki.

Saura Ubuntu, wadda ke zuwa iri biyu: mai tagogi da linzami, da ta saba wadda baƙin allo ne kawai da rubutu. Mutane na ɗauka abubuwa biyu ne mabambanta, alhali zuciyarsu ɗaya, rumbun manhajojinsu ɗaya. Kamfanin Canonical mai Ubuntu na fitar da mai dogon zango duk shekara biyu a watan Afrilu da tallafin shekara 5, don haka 24.04 za ta kai ka 2029. A kan kowaccensu systemd, mai kula da tashin manhajoji, zai tayar da nod tare da na'ura, in ya faɗi ya sake ɗaga shi. Gyare-gyaren tsaro na shiga da kansu, amma ba ta sake tashi sai ka ba ta izini, kai za ka zaɓi lokaci, ka jira ka buga bulonka sannan ka yi sauri cikin mintunan da ke tsakani. Da manhajar chrony agogo na zama daram. Da manhajar ufw ka rufe duk ƙofofi ka bar biyu ko uku. Bambancin mai tagogi shi ne tana cin wani kaso na ram a banza, tana zuwa da saitin barci da sai ka kashe, kuma mafi muni tana da birawuza. In dai akwai birawuza, wata rana za a buɗe ta "na minti biyu kawai". Baƙin allo ba ya jan kowa, yaro ya leƙa ya ga babu abin kallo ya wuce. Wannan kaɗai ya isa in fifita ta saba.

Ɗan yayata ya ce shi baƙin allon ne ke ba shi tsoro. Na ɗauko takarda na rubuta masa umarnin da nake amfani da su a mako, ba su kai 20 ba. Wanda ya iya haddace lambobin tura kuɗi da na duba ragowar data na layuka uku ba zai gagara riƙe waɗannan ba.

Zancen babbar manhaja ke nan, kuma hukuncinsa a wurina ba shi da wuya: Ubuntu ta saba a gaba, mai tagogi na bin ta, Windows don koyo kawai. Amma wannan ƙaramin rabin tambayar ne. Babban rabin shi ne a wane ɗaki na'urar za ta kwana, kuma a nan ne Jos ke shigowa.

Mu fara da wuta. Kwamfutar tebur da ke jan wat 100 dare da rana tana cin yunit 72 a wata. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya zauna a 209.5. Da wannan farashi, wata ɗaya ya haura naira 15,000. 'Yar ƙaramar kwamfuta irin mai girman littafi da ke jan wat 15 kuwa yunit 11 za ta ci, kusan naira 2,300. Tazarar ba kaɗan ba ce. Sannan Band A ɗin kanta alkawarin sa'a 20 ce a rana, ba 24 ba, kuma unguwanninmu da yawa ba sa cikinta. Duk wanda ke Arewa a ƙarshen Oktoban 2024 yana tuna kwanakin da aka yi cikin duhu bayan manyan layukan da ke kawo wuta sun samu matsala. Dole ke nan a yi maganar inbata da batir da sola. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, amma in na ruwa ne rabi kawai ya kamata ka sha in kana son ya yi ƙarko. Wat-awa 1,200 zai riƙe kwamfutar tebur kamar sa'a 10 in an cire asarar inbata. Ƙaramar kwamfuta da rauta, a ce wat 25 gaba ɗaya, za su yi kusan kwana biyu a kan wannan batir ɗin. Shi ya sa nake cewa in har a gida za a yi, babbar kwamfutar tebur ita ce zaɓi mafi rauni, ko da wace manhaja ce a kanta.

Ni kaina na yi wata shida ina gudanar da nod na sarƙar gwaji a kan wani tsohon laftof a ɗakina. Na hana shi barci ko an rufe murfi, na ɗora shi a saman kabad inda hannun yara ba ya kaiwa, kuma ina alfahari da cewa batirinsa na ciki zai tare duk wani ɗaukewar wuta. Cikin watan Agusta aka yi kwana uku ana ruwa, irin yayyafin Jos da ba ya bari a ga rana. Sola ba ta cika batir ba. Wajen ƙarfe biyu da rabi na dare inbata ta yi ƙara ta mutu. Laftof bai ko girgiza ba, yana nan a kunne. Rauta ce ta mutu, domin ita a jikin inbata take. Da na dawo daga masallaci da asuba na ɗan kishingiɗa, sai wajen shida na duba waya na ga ja ya cika shafi: kira 31 ya wuce ni, na'ura na zaune lafiya lau tana magana da bango. Da a babbar sarƙa ne, da ladan ARK 62 ya tafi, kuma abin da ya fi kuɗin ciwo, da masu ƙuri'a sun gani. Washegari na sayo ɗan batirin da ake haɗa wa rauta kai tsaye. Tun daga ranar nake tambayar duk mai son yin wannan a gida: rautarka a jikin me take?

Akwai wata ɓarna da yankewar wuta farat ɗaya ke yi wadda ba a gani nan take. Nod kullum cikin rubutu yake a rumbun bayanansa. In wuta ta yanke a tsakiyar rubutu, rumbun na iya gurɓata, sai ka sauko da kwafi ka sake bin sarƙa har ka cim mata. Ɗaukewar wuta ta minti biyar ta zama fashin sa'o'i.

Ba zan hana Jos haƙƙinta ba. Garin na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinsa ya sa na'ura ba ta buƙatar na'urar sanyaya ɗaki, abin da ɗan'uwanmu na Abuja ba zai iya faɗa ba a watan Maris. Amma hunturu na cusa ƙura a cikin fanka, damina kuma na zuwa da tsawa, wadda ke shiga ta wayar intanet kamar yadda take shiga ta wayar wuta.

Intanet ya fi wuta wuyar magani, domin batir ana saye a kasuwa. Yawancin layukan waya, har da na rautocin 4G da 5G da muke sa wa a gida, ba sa ba ka adireshin IP naka kai kaɗai. Kwastomomi masu yawa ke fita ta adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai ɗakuna ɗari da lamba ɗaya a ƙofa: kai kana iya aika wasiƙa, amma mai kawo wasiƙa bai san ɗakinka ba. Starlink, wadda ta fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ita ma haka tsarinta na gida yake. Nod na iya rayuwa da haɗin fita kaɗai a wasu sarƙoƙin, amma abokan hulɗarsa za su yi ƙaranci, kuma bulonsa zai fi jinkirin yaɗuwa. In fayiba ta iso layinku, tambayi kamfanin ko suna ba da adireshi tsayayye na fili, da nawa. Ka kuma karanta ƙananan rubutun tsarin da ake kira mara iyaka, domin da yawa suna rage gudu in ka wuce wani mizani, nod kuwa ba ya daina shan data ko kana barci. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta rarrafe a ƙasar nan na kwanaki. A irin wannan rana, na'urar da ke Jamus ba ta san an yi ba.

In ma ka samu adireshin fili, ka sani ka bayyana ƙofar gidanka ne. Kujerar wakili kuɗi ce, kuma wanda ke ƙasa da kai a jeri yana amfana in ka faɗi. Mai mugun nufi na iya yi wa adireshinka ruwan saƙonnin banza har layin ya toshe, ba nod kaɗai ba, har wayar uwargida da karatun yara.

To sabar haya fa? Abin da kake saye a wurinta shi ne daidai abubuwan da ɗakinka ya rasa: wuta mai madadi biyu ko uku, layukan intanet daga kamfanoni daban-daban, adireshi naka, da kusanci da sauran wakilai, waɗanda yawancinsu a Turai da Amurka da Asiya na'urorinsu suke. Ƙarama na farawa daga ƙasa da dala 10 a wata, mai ɗan ƙwari ta kai 20 zuwa 50. In ka haɗa kuɗin wutar kwamfutar tebur da data da tsufan batir, sau da yawa za ka tarar hayar ba ta fi tsada ba.

Amma kar a ɗauka aljanna ce. Da dala ko yuro ake biya, kuma mun ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Katunan naira sun yi shekaru ba sa biyan kuɗi a waje kafin wasu bankuna su dawo da hakan a 2025. In kati ya ƙi wucewa kwanaki suka shuɗe, kamfani zai dakatar da sabar, daga baya ya goge ta. Saboda haka mai haya ya riƙa zuba kuɗin wata biyu ko uku a gaba. Sannan gidan wani ne, da dokokinsa. A Nuwamban 2022 kamfanin Hetzner na Jamus ya toshe na'urorin Solana da ke wurinsa, sama da 1,000 suka faɗi a rana ɗaya, domin sharuɗɗansa sun hana harkar kirifto. Karanta sharuɗɗa kafin ka biya. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin hayar saba na OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka rasa komai. Kuma makullinka na zaune a kan ƙarfen da ba ka taɓa gani ba.

Akwai abin da ke damuna fiye da waɗannan. In duk wakilan sarƙa suka tattaru a gine-ginen kamfanoni uku a ƙasashe biyu, ina rarrabuwar ikon da aka ce don ita aka ƙirƙiro abin? Ina son ganin ranar da za a buga bulo daga Rikkos da Gangare, ba daga Frankfurt kaɗai ba. Shi ya sa ba na ce wa kowa ya jefar da na'urar gida. Ina cewa a ba ta aikin da ya dace da ita: ta zama nod mai riƙe kwafin sarƙa da isar da saƙo, ba tare da makulli ba. In ta faɗi ba wanda ya yi asara, in tana tsaye ta ƙara wa sarƙar ƙafa ɗaya a Afirka.

Sai tarkon da ya fi kama masu ƙwazo. Mutum ya ce zai haɗa biyun: babbar na'ura a gida, ta ko-ta-kwana a haya, duka da makulli ɗaya. Wuta ta ɗauke a gida, ya ɗauki waya ya kunna ta haya. Madalla. Bayan sa'a biyu aka dawo da wuta, kwamfutar gida, wadda ya saita a BIOS ta tashi da kanta, ta tashi, systemd ya ɗaga nod, sai ga na'urori biyu suna sa hannu da suna ɗaya a bulo biyu mabambanta. Saitin da ya cece shi jiya shi ya kashe shi yau. A idon sarƙa wannan ba kuskure ba ne, yunƙurin ha'inci ne. A sarƙar Cosmos Hub hukuncin fashi mai tsawo yankan kashi 0.01 cikin ɗari ne da dakatarwa, amma na sa hannu biyu kashi 5 ne na duk abin da aka jingina maka, har da kuɗin mutanen da suka amince da kai, tare da kora ta har abada. Dubi tazarar hukuncin biyu ka gane wanne sarƙa ta fi tsoro. Gara ka tsallake kira 50 da ka sa hannu biyu sau ɗaya. In za ka sauya na'ura, ka tabbatar da idonka ta farko ta mutu kuma an cire mata makulli kafin ka kunna ta biyu.

Kafin ma a kashe ko sisi, a buɗe jerin wakilai a dubi yawan ƙuri'un mai kujerar ƙarshe. Rajista daban, kujera daban. A TRON neman takara kaɗai TRX 9,999 ne, a ARK 25, kuma biyan wannan ba ya ba ka bulo ko ɗaya. Ƙuri'a na hannun masu manyan lalitoci, kamar yadda aka gani a sarƙar Steem a Maris 2020, lokacin da aka yi amfani da kuɗin da ke ajiye a manyan kasuwannin musaya aka kawar da zaɓaɓɓun wakilai bayan Justin Sun, mai TRON, ya sayi kamfanin Steemit, abin da ya haifar da Hive. Wanda ba shi da jama'a ko wani aiki da ya yi wa sarƙar da za a san shi da shi, zai biya haya shekara guda yana jiran layin da ba zai zo ba. Mai niyyar tara ƙuri'un 'yan unguwa da alkawarin raba lada kuma ya tuna cewa dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin dijital a ƙarƙashin hukumar SEC, ya nemi shawarar lauya kafin ya karɓi amanar kowa.

Da aka idar da magariba muka dawo shago muka buɗe kwamfutar. Muka cire faifan da Windows ke kai muka ajiye masa a leda, kayan makarantarsa na ciki. A kan sabon SSD muka sa Ubuntu 24.04 ta saba, muka rufe shiga da kalmar sirri muka bar makullin SSH na shiga daga nesa kaɗai, muka ɗora nod na sarƙar gwaji. Na ba shi ɗan batirin rauta da nake da shi na biyu, da littafi mai shafi 40, na ce duk sanda na'ura ta faɗi ya rubuta rana da lokaci da dalili. Muka yi yarjejeniya a kan wata uku. In littafin ya nuna ya iya tashi tsakar dare ya gyara abin da ya lalace, zan biya masa hayar saba ta wata ukun farko, wannan ta ɗaki kuma ta koma mai isar da saƙo.

Bayan mako biyu ya kira ni. "Kawu, sau huɗu ta faɗi. Biyu wuta, ɗaya data ce ta ƙare ban lura ba, ɗaya kuma Umma ce ta zare soket za ta yi guga." Na ce ya liƙe soket ɗin da salatif, ya rubuta a jikinsa, ya kuma sayi data ta wata biyu a haɗe.